Wasiƙa kan mai kisan da ya rantse lafiyarsa ƙalau

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da uwargida da yara. Saƙonka ya iso, kuma na yi dariya da ka ce babban ɗanmu ya dawo daga makaranta da aiki kan labarin nan na marubucin Amurka Edgar Allan Poe, "The Tell-Tale Heart", wanda wani mutum yake ba da labarin yadda ya kashe wani tsoho, ya tambaye ka inda labarin ya dosa, ka ce masa ai alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Ban ce ka kauce ba, amma ka sallami yaron da wuri. Tunda ka ce in faɗi nawa, ga shi nan, sai ka yi haƙuri da tsawon takarda.

Fara da duba abin da mai ba da labarin yake nema a wurinmu. Bai musa kisan ba ko sau ɗaya. Abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya shi ne an kira shi mahaukaci. Cewa yake ciwon da ke jikinsa bai dakushe masa hankali ba, wasa shi ma ya yi, musamman kunnensa, wai har abin da ke sama da ƙasa yana ji, da wasu abubuwan na cikin wuta. Sai ya ce mu saurara mu ga yadda zai zayyana komai a natse. Shaidar lafiyarsa kuwa ita ce iya shirya kisan. Duk inda ya tsaya ya ce mu dubi wayonsa, nan ne mai karatu yake ƙara ja da baya.

Dalilin kisan ya fi komai tayar mini da hankali. Shi da bakinsa ya ce yana ƙaunar tsohon da suke gida ɗaya, bai taɓa cutarsa ba, bai taɓa zaginsa ba, kuma dukiyarsa ba ta gabansa. Ya ce bai san yadda tunanin ya shige shi ba. Sai daga baya, kamar mai lalube, ya ce yana jin idon tsohon ne, ido ɗaya mai shuɗi-shuɗi da yana a kansa, irin na ungulu. Ka ga niyyar ta riga dalilin zuwa. Poe bai gaya mana sunan mutumin ba, bai ce ɗan tsohon ne ko baransa ba, bai ma bayyana ko namiji ne ko mace ba, ni dai na saba ce masa "shi". Murya ce kawai take yi maka magana dab da kunne.

Dare bakwai yana zuwa da tsakar dare, ya tura ƙofa a hankali, ya shigar da fitila a rufe ruf, ya kwashe awa guda kafin kansa ya gama shiga. Kowane dare sai ya tarar idon a rufe, ya koma, don a cewarsa da idon yake faɗa. Gari na wayewa kuma ya shiga ɗakin da fara'a, ya kira sunan tsohon, ya tambaye shi yadda ya kwana. Wannan gaisuwar safiyar ta fi wurin daddatsa gawa firgita ni, wallahi.

A dare na takwas babban yatsansa ya zame a kan marfin fitilar, tsohon ya zabura ya tambayi wane ne. Mutumin ya ƙame a duhu awa guda, tsohon yana zaune a gado yana sauraro. Da tsohon ya yi wani nishi na tsoro, sai mai labarin ya ce ya san wannan nishin sarai, don sau da yawa yakan fito daga ƙirjinsa shi ma idan duniya ta yi barci. Ya ce ya ji tausayinsa, amma a ransa dariya yake. Da ya saki siririn haske ya sauka daidai kan idon a buɗe, sai ya fara jin wani sauti, kamar agogo da aka naɗe cikin auduga.

To, a nan muka rabu da kai. Bugun zuciyar nan ya fara ne tun tsohon yana da rai, kafin a taɓa shi, lokacin babu alhakin jini a wuyan kowa. Kuma babu mai jin bugun zuciyar wani daga bakin ƙofa. Tasa zuciyar yake ji, tsoronsa ne ke duka a kunnensa, ya jingina wa tsohon. Har ya ji tsoron kada maƙwabta su ji ƙarar, kuma wannan ne ya ingiza shi ya afka, ya jawo tsohon ƙasa ya kifa masa gado mai nauyi. Sautin da ya sa shi kisa, shi ne ya dawo ya sa shi tona wa kansa asiri.

Sauran ka sani. Ya datse kai da hannuwa da ƙafafu a cikin baho don kada jini ya ɗiga, ya ɗaga katako uku na daɓen ɗakin ya zuba ya mayar. Ƙarfe huɗu na asuba 'yan sanda uku suka ƙwanƙwasa, saboda wani maƙwabci ya ji ihu. Ya ce shi ne ya yi ihun cikin mafarki, tsohon kuma ya tafi ƙauye. Sun yarda. Shi ne ya kawo musu kujeru cikin ɗakin, ya dasa tasa daidai kan gawar. Suna ta hirarsu sautin ya dawo, yana ƙaruwa, har ya fara kumfar baki yana goga kujera a kan katako.

Karanta shafin ƙarshe da kyau ka nemo mini nadama. Malamanmu sun ce sharaɗin tuba na farko shi ne nadama, kuma wannan bawan Allah bai ce kaico ba, bai ambaci tsohon da tausayi ba. Abin da ya fasa shi shi ne ya ɗauka 'yan sandan suna jin bugun, sun gane, suna yi masa murmushin ba'a. Su ya kira mugaye, sannan ya ce su ɗaga katakon. Idan akwai alhaki a nan, jikinsa ne ya ɗauka, bakinsa bai taɓa amsawa ba, don har lokacin da yake ba mu labarin yana alfahari da aikinsa.

Ga wani abu da zai yi wa yaron amfani. Labarin ya fito a Janairun 1843 a mujallar The Pioneer ta Boston, wadda James Russell Lowell ya kafa, kuma fitowa uku kacal ta yi ta mutu. Poe yana zaune a Filadelfiya a lokacin, matarsa Virginia tana fama da tarin fuka. A wannan watan dai, a Landan, wani mai suna Daniel M'Naghten ya harbe Edward Drummond, sakataren Firayim Minista Robert Peel, kotu kuma ta ƙi yanke masa hukuncin kisa saboda taɓin hankali. Hayaniyar da ta biyo baya ta haifar da ƙa'idar da kotunan Ingila da na Amurka suka daɗe suna bi: shin mai laifin ya san abin da yake aikatawa, ya kuma san laifi ne? Poe bai ɗauko labarinsa daga wannan shari'ar ba, tunda ya riga ya rubuta, amma gwada mutuminmu da wannan ma'auni. Ya yi shiri na mako guda, ya ɓoye gawa, ya yi wa hukuma ƙarya. Hauka ce kaɗai za ta iya tsamo shi daga hannun hauni, shi kuma ita yake rantsuwa ba shi da ita. In ya ci gardamar da yake yi da mu, igiya ya ci wa kansa.

Ka dai ja wa yaron kunne kada ya fita da tunanin cewa duk mai taɓin hankali abin tsoro ne. Yawancinsu ba sa cutar kowa, su ake cuta. In ya gama wannan, ba shi "The Black Cat", wanda ya fito a shekarar, ya kwatanta, don can ma gawa aka ɓoye a gida, mai kisan kuma ya yi ta cika baki gaban 'yan sanda. Ina son ganin abin da ya rubuta, ka ɗauki hotonsa ka turo mini ta WhatsApp.

Mutanen gida duk suna gaishe ku. Ka gaida uwargida da kyau, ka shafa mini kan yara. Allah ya sada mu da alheri.

Naka amini