Har yau ba mu da fim ɗin da Sallah ke cikinsa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina neman ɗan fili a shafin wasiƙu domin in isar da saƙo ga masu shirya fina-finan Hausa da masu tsara shirye-shirye a gidajen talabijin namu. Na rubuto tun Sallah ba ta ƙarato ba, don maganar ta same su kafin su gama tsari.

Duk shekara, da zarar azumi ya raba tsakiya ko watan babbar Sallah ya tsaya, sai talla ta cika gari cewa ga fim ɗin Sallah nan tafe. Ka zauna ka kalla, sai ka tarar ba abin da ya haɗa shi da Sallah in ban da ranar da aka sake shi. Labarin nan ne dai na saurayi da budurwa da attajirin da ya shiga tsakaninsu, wanda ko a watan Safar aka fitar da shi ba abin da zai canza. Fina-finan da ake saki da Sallah kam muna da su birjik. Wanda nake nema shi ne wanda mutanen gida za su ce in ba a sa shi ba bikin bai cika ba.

Ba da ka nake magana ba. Na daɗe ina riƙe da shagon hayar kaset a cikin birnin Kano, tun zamanin kaset ɗin bidiyo har aka koma faifan CD, kafin waya ta zo ta tashi kasuwar. Ana saura mako guda Sallah za mu yi sammako zuwa Ƙofar Wambai mu saro sababbin fina-finai, mu manna fosta a bakin shago. Sababbin nan samari ke rububinsu, kuma kafin a gama yawon Sallah an manta da su. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne aiken da iyaye mata ke yo wa yara ranar jajibere. Yaro zai zo da kuɗi dunƙule a hannu ya ce an ce a ba shi Sangaya, ko wani tsohon fim na Ibro, ko fim ɗin Indiyan da kowa a gidansu ya haddace. Kaset ɗin ya sha juyi har hotonsa yana rawa, amma shi ake so. In ka ce masa ga sabo ya fito, sai ya ruga gida ya dawo ya ce an ce wancan dai.

Matan nan sun san abin da suke yi. Ranar Sallah ɗaki cike yake. Kaka tana nan, suruka ta zo, 'ya'yan maƙwabta sun shigo nuna sababbin kaya, baƙi suna sallama ana tashi ana gaisawa, ana kai tuwo ana karɓar na wasu. Fim ɗin da zai iya zama a irin wannan ɗaki sai wanda ba zai sa uwa ta sunkuyar da kai a gaban surukinta ba, ba kuma zai sa a kori yara waje ba. Sannan ya zama in ka tashi raka baƙo ka dawo ba ka yi asarar komai ba, tunda ka san inda labarin ya dosa. Sabon fim so yake a yi tsit a bi shi. Wanda aka saba da shi kuwa yana barin mutane su yi hira a kansa, a riga ɗan wasa faɗin maganarsa, yara su bi waƙa, tsohuwa ta yi wa mugun cikin fim faɗa. Kamar tuwon Sallah ne, shinkafar da miyar ba baƙi ba ne a gidan, taron da aka yi a kansa ne ya raba shi da na sauran ranaku.

Matasa su sani cewa wannan kallo na gida gaba ɗaya bai daɗe ba. Silima ta tsufa a Kano, tun da aka buɗe Rex a 1937, daga baya aka samu irin su Palace da Plaza da El Dorado da Orion, kuma a wancan zamani da Sallah cika suke yi maƙil da masu kallon Indiya. Amma a lokacin wurin maza ne. Matar aure ba ta zuwa, dattijo in ya je ba ya so a gan shi. Kaset ne ya shigar da fim har uwar ɗaki, musamman bayan ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, aka ga ashe fim da Hausa zai sayu. Daga nan mata da yara da tsofaffi suka zama su ne jama'ar fim, kuma da 'yan kuɗin sana'arsu ta cikin gida suka raini wannan masana'anta. Su ne yau ba a tunawa da su in ana zaɓen abin da za a nuna da Sallah.

Wasu al'ummu sun riga mu gane yadda ake samun fim ɗin biki. A Amurka akwai It's a Wonderful Life na 1946, wanda bai taɓuka abin kirki a kasuwa ba lokacin da ya fito. A 1974 haƙƙin mallakarsa ya faɗi saboda ba a sabunta shi ba, sai gidajen talabijin suka samu na arha, suka riƙa sa shi duk Kirsimeti. Maimaicin nan ne ya mayar da shi abin da iyalai ke jira kowane Disamba. Labarin mutum ne da kuɗin kamfaninsa suka ɓace a jajiberen biki har ya yanke ƙauna da rayuwa, sai mutanen garin da ya daɗe yana yi wa alheri suka taru suka haɗa masa. Home Alone na 1990, wanda 'yan'uwanmu Kiristoci na Jos da Kaduna suka sani sarai, yara dariyar wahalar da ɓarayi ke sha suke yi, amma abin da ke riƙe babba shi ne uwar da ta isa Faransa ta kasa zama, tana neman kowace hanya ta koma wurin ɗanta da aka manta a gida. A Indiya kuma, tun daga 2009 Salman Khan ya mayar da ƙaramar Sallah lokacin sakin manyan fina-finansa. Yawancinsu faɗa ne da tsalle-tsalle, an kalla an wuce. Wanda ya zauna a zuciyar mutanenmu, a ganina, shi ne Bajrangi Bhaijaan na 2015, inda wani Bahinde ya ɗauki wahalar mayar da yarinya Musulma da ba ta magana wurin mahaifiyarta a Pakistan.

Duba su duka, Malam Edita, za ka ga magana ɗaya ce: wani ya yi nisa da nasa, ana neman a mayar da shi. Mu kuwa ai wannan ita ce Sallah ɗungurungum. Sarkin Kano da kansa, ranar hawan Daushe, da dawakansa da 'yan bindigarsa da dubban jama'a, Babban Ɗaki yake nufa ya gai da mahaifiya. A Disambar 2024 UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ake tattali. Duniya ta ga abin kallo a Sallarmu, mu da ke da kyamara a hannu muna can muna ɗaukar falon gidan haya da mota mai tsada.

Labaran kuwa a ƙofar gida suke. Ga tela a goman ƙarshe na azumi, shago cike da shadda da atamfa, janareto na ruri har asuba, ya karɓi aikin da ya fi ƙarfinsa saboda kuɗin makarantar 'ya'yansa. Daren Sallah ya rage masa ɗinki biyu kuma lokacin ɗaya gare shi: babbar rigar Alhajin da ke kawo masa aiki duk shekara, da kayan marayu uku da uwarsu ta kawo tun farkon wata, matar da ba ta da bakin yi masa faɗa. Wanne zai ɗinka? Wallahi ba gidan da za a sa wannan a tashi ba a yi muhawara ba, domin ba wanda tela bai taɓa sa wa hawan jini ba, kuma ba kowa ya taɓa tsayawa ya ga abin daga ɓangaren telan ba. Ga magidancin da albashinsa bai kai kuɗin rago ba, ragon maƙwabci na kuka a bayan katanga, ƙaramin ɗansa na tambayar yaushe za a kawo nasu. Addini bai ɗora masa layya ba tunda ba hali, amma idon unguwa ya ɗora masa. Ya ci bashi ne, ko ya shiga watanda yara su samu nama, ko ya zaunar da iyalinsa ya faɗa musu gaskiya? Ga ɗan ci-rani da ya taso daga Legas ko Fatakwal a bayan babbar mota, da 'yan takalman yara a jaka, yana lissafin ko zai riski idi a ƙauye. Ga wa da ƙane da rabon gado ya raba, sahu ya haɗa su kafaɗa da kafaɗa a filin idi, an sallame kowa na miƙa wa na kusa da shi hannu. Ga amarya a Sallarta ta farko a gidan miji, tana tuƙa tuwon gidan da ba ta saba da hannunsu ba, zuciyarta na gidan iyayenta. A Maraɗi da Damagaram da Yamai, inda ake baje raguna a jikin itace a kewaye wuta a bakin titi a yini ana gashi, washegari a shiga rabo, mai kyamara ba ya ma buƙatar ya ƙawata komai.

Na san 'yan barkwanci sukan taɓa zancen rago da tela a gajerun bidiyo na YouTube da TikTok. Ina yaba musu, sai dai sau da yawa talakan ne abin dariyar, a nuna shi ɓarawon rago ko maƙaryaci, a yi shewa a wuce. Marigayi Rabilu Musa Ibro, da ya rasu a Disambar 2014, abin da ya sa iyaye ke aiko a karɓi kaset ɗinsa shi ne talaka yana ganin kansa a jikinsa, ya yi dariya ba tare da ya ji an wulaƙanta shi ba. Irin wannan dariyar ake so ranar Sallah, domin a ɗakin akwai wanda ya yanka da wanda bai yanka ba.

Furodusoshi za su ce fim ɗin da aka ɗaure da Sallah kasuwarsa mako guda ce. Mako guda ne, amma sau biyu a shekara, kuma duk shekara, har jikoki. 'Yan fim na Legas sun daɗe da gane darajar lokacin biki, shi ya sa suke ajiye manyan ayyukansu sai Disamba, kuma a Disambar 2023 aka saki A Tribe Called Judah, fim ɗin Najeriya na farko da ya haura naira biliyan 1 a gidajen silima. Malamai kuma za su ce ranakun Sallah na ibada ne da ziyara, ba na zaman kallo ba. Gaskiyarsu, kuma ba wanda ya ce a kunna fim lokacin idi ko a fasa gaida dangi. Amma su leƙa falon gidajenmu bayan isha'i ranar Sallah. Mutum goma a zaune, kowa da wayarsa da abin kunnensa, jika na gefen kakarsa ba su ce wa juna uffan ba. Wannan ne ke cin zumunci, kuma fim ɗaya da kowa zai ɗaga kai ya kalla tare yana cikin 'yan abubuwan da suka rage da za su iya sa a ajiye wayar.

Masu gidajen talabijin, ku ne abin ya fi sauƙi a hannunku, ku ne kuma kuka fi ba ni takaici. Kwana uku na Sallah wasunku gaisuwar 'yan siyasa da aka biya kuɗi suke jerawa, tsakani a cusa waƙoƙin da aka gaji da su. Ban ce ku ƙi kuɗin talla ba. Ku ware awa biyu bayan isha'i, ku zaɓi fim na gida da ya dace da yaro da babba, ku sa shi bana, ku sa shi baɗi a daidai wannan lokaci, ku daure har mutane su fara jiransa. Ku nemi masu tsofaffin fina-finan nan ku biya su haƙƙinsu, ku kwafe su a na'ura kafin zafi da ƙura su gama cinye kaset ɗin, domin da yawa ba su da wani kwafi. Cikin waɗanda suka fito a cikinsu akwai tsofaffi da ke fama da ciwo da rashi, kuma ɗan abin da za a ba su duk Sallah ya fi a jira sai sun fito neman taimako a intanet.

Kai kuma, Malam Edita, ina roƙon ka buɗe fili kafin azumi, masu karatu daga Sakkwato da Zariya da Damagaram da zangon Kumasi su rubuto sunan fim ɗin da gidansu ke sawa da Sallah da dalilin da ya sa suke son sa. Ku tattara, ku buga, ku aika wa gidajen talabijin da ƙungiyoyin 'yan fim, kuma ku tabbata an tambayi mata, domin su suka fi sanin amsar.

Wassalam.

Naku mai karatu,
daga birnin Kano