Mu da Turkawa, rijiya ɗaya muka ɗebo

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in faɗi abin da kunnena ya jiyo a Istanbul, inda nake zuwa sarin kaya a unguwar Laleli.

Ranar farko wani mai shago ya miƙo mini biro yana cewa "kalem". Na ce a raina, ai alƙalaminmu ne! Daga nan na kasa kunne: "haber" labari, "vakit" lokaci, "kitap" littafi. Duk daga Larabci aka aro su, sai dai mu mun haɗiye "al" ɗin Larabawa tare da kalmar, su kuwa suka yar da shi.

Inda suka bar ni a baya shi ne ginin kalma. "Ev" gida, "evler" gidaje, "evlerimizde" kuwa a cikin gidajenmu, ana ta jona ɗafa-ƙeya kamar taragon jirgin ƙasa. Aikatau kuma sai ƙarshen jimla, ka yi ta jira.

Su ma da haruffan Larabci suke rubutu, kamar ajaminmu, har 1928. Ina roƙon malaman harshe na jami'o'inmu su kwatanta aron nan biyu, su rubuta da Hausa yadda irinmu za mu karanta.

Naku,
Wani ɗan kasuwa, Kantin Kwari, Kano