Godiya ga Ma'aikatan Wani Garejin Tirela da ke Hanyar Birnin Kebbi, Sakkwato

Assalamu alaikum. Ina rubuta wannan wasiƙa ne domin in gode wa ma'aikatan garejin nan, musamman dattijon da ke shugabantar makanikai, bisa yadda suka karɓe ni da 'yar tirelar kwana mai rufin da ake naɗewa, wadda nake zuwa da ita gona a Goronyo.

Kafin in zo wurinku, na sha zagaya garejoji a cikin gari. Wani ya ce ƙofarta ta ƙi rufuwa ne saboda tsufa, wani kuma ya sa ƙafafun ƙarfe huɗu da ke kusurwoyinta ya ɗaga ta kamar da jak, har ɗaya ta lanƙwashe, sannan ya nemi kuɗin aikinsa ba kunya.

Baba kuwa bai taɓa sifana ba sai da ya zagaya ta, ya ce, “Ɗana, ƙafafun nan ba na ɗaukar nauyi ba ne, na hana girgiza ne kawai.” Ya nuna mini cewa daidaitawa daga gefe zuwa gefe ake fara yi, tirelar tana haɗe da mota, a hau da tayar ɓangaren da ya yi ƙasa kan katako, a sa waigi gaba da baya, sannan a kwance ta daga motar. Daga nan a daidaita gaba da baya da jak ɗin da ke bakinta, ana duba ma'aunin magina mai ɗigon ruwa. Sai an buɗe dukkan maƙallan rufin kafin a fara wana shi sama, kuma ba a jawo gadaje ko a shiga ciki sai ƙafafun sun taɓa ƙasa, an shimfiɗa musu katako, domin rairayin wajenmu yana haɗiye ƙarfe. Matse ƙafafun fiye da kima shi ke murɗe shasi, shi ya sa ƙofar ta ƙi rufuwa. Ya ƙara da cewa kada in naɗe tamfol ɗin da ke jikinta da jiƙa a lokacin damina.

Ƙafar da ta lanƙwashe sun gyara ta, kuɗin kuma daidai wa daida. Abin takaici shi ne, makanikai da yawa sun fi son mai kaya ya zauna cikin duhu don ya riƙa dawowa, kuma da wuya ka ji wani ya ce bai san abu ba.

Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa garejin albarka.

Naku,
Wani manomi daga Mabera