Na wuce uwar mijina ban durƙusa ba, kuma wallahi ban gane ta ba

Assalamu alaikum Anti, ya aiki, ya iyali?

Daga Argungu nake rubuto miki. Yau kwanana huɗu a gidanmu, kuma ba yaji na yi ba, cewa aka yi in je gida in huta tukuna. Kin san ma'anar wannan hutun.

Ranar Asabar ake wunin bikin ƙanwar maigidana. Na fito daga ɗaki da kular tuwo a hannu, na ga wata dattijuwa zaune kan tabarma a bakin ƙofa, na ce mata sannu, irin sannun da ake yi wa baƙuwa, na wuce. Ashe Inna ce, mahaifiyarsa. Gidan cike da mutane. Kafin in ajiye kular, Yaya Babba, wato yayarsa, ta ɗaga murya tana cewa ga abin da take faɗa musu tun tuni, yarinyar nan ta raina su. Matar nan tun ranar da aka kawo ni gidan ba ta taɓa yi mini kallon rahama ba, ko lefena sai da ta ce an yi almubazzaranci.

Anti, ni da hijabinta ruwan toka nake gane Inna, da carbin da ke hannunta, da muryarta. Ranar kuwa anko aka yi, mata sun fi talatin cikin atamfa iri ɗaya, ga kalangu ya cika kunne. Da me zan gane ta?

Bari in koma baya. Shekara biyu da suka wuce muka yi hatsari a hanyar Birnin Kebbi, taya ce ta fashe, kaina ya bugu ta dama, wajen ƙeya. Da na farfaɗo, wani mutum na tsaye a kaina yana hawaye, sai da ya yi magana na san mijina ne. Idona lafiya lau, har yau ni ke zura zare a allurar kekena, ɗinki nake yi. Ina ganin ido, ina ganin hanci da baki, amma sun ƙi haɗuwa su zama wance. Ko hoton aurena ne, sai na dubi leshin da na sa.

Mun je wani asibiti a Sakkwato aka ɗauki hoton kaina. Likitan, Allah ya saka masa, ya zana mini a takarda. Ya ce ido ɗauko hoto kawai yake yi, ƙwaƙwalwa ce ke tantancewa. A ƙasanta, daura da bayan kunne, akwai wani yanki da suke kira fusiform, wanda ke haɗa sassan fuska su zama mutum guda, kuma na ɓangaren dama ya fi ɗaukar nauyin aikin. Nan ne na samu rauni. Sunan lalurar prosopagnosia, makantar fuska ke nan, wani likitan Jamus, Joachim Bodamer, ya raɗa mata sunan a 1947. Ya ce wasu ma da ita suke tasowa ba tare da hatsari ba, kusan mutum 2 cikin 100, kuma babu ƙwayar da ake sha a warke, sai dabara: murya, tafiya, sutura. Shi ya sa ɗana Abba ba ya zuwa Islamiyya sai da jar hula, tun ranar da na kamo hannun ɗan wasu a bakin makaranta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, na ga ran dattijuwar ya ɓaci. Na ga ta haɗe gira, na ga bakinta ya motsa, har gabana ya faɗi ban san dalili ba. Da na faɗi haka a gaban maigida, sai Yaya Babba ta ce to ai ka ji, ta ga fushin amma wai ba ta ga mai fushin ba, wace irin makanta ce mai zaɓe? Alhali likita ya gaya mini hanyar gane ko waye daban, hanyar karanta fushi ko tsoro a fuska daban, har da wani ɗan ƙaramin sashe, amigdala, da ke saurin ankarar da mutum. Ɗaya kan lalace ɗaya ta tsira. Ya ma ce an taɓa gwada wasu masu lalurar, a nuna musu hoton wanda suka sani su ce ba su san shi ba, amma na'ura ta nuna fatar hannunsu ta amsa. Ina jin faɗuwar gaban nan tawa ke nan. Zan tsaya in karanta wa Yaya Babba wannan a tsakar gidan biki?

Na manta ban gaya miki ba, dangin maigida ba su san da lalurar ba. Shi ya ce in rufe, kada a ce aljanu ne ko taɓin hankali, a fara yawo da ni wajen masu magani. Na bi maganarsa shekara biyu, ina shan suna mai girman kai a unguwa. Amma ranar da ake zagina yana tsaye, bai ce uffan ba. Da dare ya ce in yi haƙuri, ba zai iya musu da Yaya a gaban Inna ba. Yanzu kuma ina jin ƙishin-ƙishin wai ana nema masa ɗiyar ƙawar Yaya Babba da ke Jega.

Na san na yi kuskure da ban tambayi inda Inna ta zauna ba tun da safe, alhali kullum nakan tambaya, hidima ce ta sha kaina. Inna ba ta da matsala, zuga ta ake yi. Babana ya ce in je in ba ta haƙuri kawai, kada in tsawaita. To in na durƙusa na ce na yi laifi, ai na amsa cewa da gangan na yi. In kuma na fito da takardar asibiti, na karya maganar mijina, kuma sun samu abin da za su riƙa kirana da shi.

Anti, mutumin da ya san gaskiya ya yi shiru, ni zan kira shi ko in jira ya zo biko? Takardar tana cikin jakata. Don Allah a sakaya sunana.

Ƙanwarki daga Argungu