Don Allah kada a sayar da gurbin saukar jirgi a Heathrow

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya, ya aiki ya jama'a. Don Allah ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in faɗi abin da ya tsaya min a rai tun makon jiya.

Ni sana'ata yankan tikitin jirgi ce a nan Abuja, na fi shekara goma sha biyar ina yi, ɗalibai masu tafiya karatu Ingila da 'yan kasuwa da masu kai mara lafiya asibiti duk suna bi ta hannuna. To ranar Asabar muna zaune a majalisarmu ta bayan isha'i a Kubwa sai hira ta kai mu kan jirgin Air Peace da ya fara tashi daga Abuja zuwa filin Heathrow na Landan a watan Oktoban 2025. Na ba su labarin cewa a 2016 kamfanin Oman Air ya biya dala miliyan 75 don kawai ya samu lokacin sauka ɗaya da na tashi ɗaya a kullum a wannan fili. Sai wani abokina ɗan kasuwa ya ajiye kofin shayi ya ce kai, in shi ne da kamfanin jirgi aka ba shi irin wannan, wallahi gobe zai sayar ya sayo jirage. Mutane suka ce gaskiyarsa. Ni kuwa na kasa barci da maganar, don na san irin wannan tunanin ne yake sa mu rasa abin da ba ya dawowa.

Bari in fara da bayanin abin, don da yawa sun ɗauka fili ne ko gini ake saya. Abin da 'yan harkar jirgi ke kira silot, mu ce gurbi, izini ne kawai na cewa jirginka zai sauka ƙarfe kaza ya tashi ƙarfe kaza a rana kaza. Shikenan. Ba bulo ba kwano. Amma Heathrow titin saukar jirgi biyu ne kacal da shi, kuma doka ta ƙayyade masa sauka da tashi 480,000 a shekara, ya kuma daɗe da cika maƙil, saboda haka ko kana da jirgi sabo fil da kuɗin mai da fasinja sun cika, in ba ka da gurbi sai dai ka nufi Gatwick, ɗaya filin jirgin Landan, ko wani filin. Kuma ba gwamnatin Birtaniya ce ke rabawa da hannunta ba, wani kamfani ne mai zaman kansa da ake kira ACL, shi ke rabo sau biyu a shekara, na bazara da na hunturu. Ƙa'idarsu kuwa ita ce wanda ya riƙe gurbi bara, matuƙar ya yi amfani da shi kashi 80 cikin 100, to bana ma nasa ne, haka zai yi ta gadonsa. Ka ga ke nan wanda ke ciki yana ciki, wanda ke waje sai ya jira wani ya fita.

Abin da ya sa na ɗauki maganar da zafi, na ga irinta a gidanmu. Mahaifinmu Allah ya jiƙansa yana da shago a bakin layi a kasuwar Wuse tun kasuwar ba ta cika ba. Bashi ya taso shi gaba wata shekara, aka taya shagon da kuɗin da a lokacin muka ga kamar ba za su ƙare ba, ya sallama. Shekara biyu ba a rufa ba kuɗin suka narke, ya koma kama haya can ciki a lungu inda mai saye ba ya kaiwa sai ya ɓata hanya. Har ya bar duniya in muka wuce ta gaban shagon nan kau da kai yake yi. Yau ko mu 'ya'yansa duka mu haɗa abin hannunmu ba za mu iya sayen ƙofarsa ba.

Kuma ba sai na je nesa neman misali a harkar jirgi ba, mu nan Abuja mun ɗanɗana. A 2011 Arik ya dakatar da jirginsa na Abuja zuwa Heathrow, ba don babu fasinja ba, sai don gurbin da yake amfani da shi haya yake yi a hannun wani kamfanin Birtaniya mai suna BMI, maganar haya ta lalace. Har sai da gwamnati a lokacin minista Stella Oduah ta yi barazanar rage wa British Airways sawu a Legas. Shekara ɗaya bayan nan, a 2012, uwar kamfanin British Airways ta saye BMI ɗin gaba ɗaya, kuma kowa a harkar ya san guraben Heathrow ɗinsa ne abin da ya fi jan hankalinta. Yau fiye da rabin guraben filin suna hannunsu. Su da suka san darajar abin tarawa suke yi, to mu me zai sa mu yi tunanin fitarwa?

Yarjejeniyar jiragen sama tsakanin Najeriya da Birtaniya a takarda ta ba kowane ɓangare dama daidai, amma takardar ba ta ba ka gurbi. Shi ya sa da Air Peace ya fara zuwa Landan daga Legas a ƙarshen Maris 2024, Gatwick ya sauka, alhali British Airways da Virgin Atlantic suna sauka a manyan filayenmu. Sai da minista Festus Keyamo ya rubuta wa takwararsa ta Birtaniya wasiƙa mai zafi a watan Agustan 2024 yana cewa in ba a ba Air Peace gurbi a Heathrow ba, kamfanonin Birtaniya su ma za a taɓa nasu guraben a Legas da Abuja. Abin da aka sha wannan wahala kafin a samu ƙafar shiga, ai ba na kamfani kaɗai ba ne kuma, akwai haƙƙin ƙasa a ciki. Ni da nake zaune gaban kwamfuta ina duba farashi kullum na ga yadda kuɗin tikitin Landan ya sauko da jirginmu ya shiga layin, iyayen da a da suke zuwa su ji farashi su fita shiru suka fara dawowa.

Ba na ƙin gaskiya, masu cewa a sayar suna da hujja. Kamfanin jirgi kullum cikin yunwar dala yake, mai da gyara da inshora da hayar jirgi duk da dala ne, kuma dala miliyan 75 sun haura naira biliyan 100 a canjin 2025. Kamfanin SAS na ƙasashen arewacin Turai ya sayar da gurabe biyu a 2017 a kan dala miliyan 75, Croatia Airlines ma ya sayar da wasu daga cikin nasa ga kamfanin Delta na Amurka a shekarar don ya samu na gyaran jirage. Sannan gurbi yana da nauyi, in ba ka cika kashi 80 ɗin nan ba za a ƙwace kyauta ko sisi ba za ka samu ba, abin da ya sa lokacin korona aka yi ta ƙorafin jirage na yawo a Turai kusan babu kowa ciki don kawai kada a rasa gurbi. Akwai kuma maganar gina titi na uku a Heathrow, wanda in ya tabbata farashin zai iya faɗuwa. Amma titin nan majalisar dokokin Birtaniya ta amince da shi tun 2018, har yau jirgi bai sauka a kansa ba.

Abin da nake cewa shi ne tsakanin riƙewa a wahala da sallamawa gaba ɗaya akwai hanya. Ana ba da gurbi haya ga wani kamfani na kaka ɗaya ko biyu, kuɗi na shigowa abu na nan da sunanka. Ana kuma jinginar da shi a ci bashi, Virgin Atlantic ya yi haka a 2015 ya samu fam miliyan 220 a kan gurabensa na Heathrow, jiragensa kuma suka ci gaba da sauka. Da mahaifinmu ya samu mai ba shi wannan shawara ya sa ɗan haya a shagon nan na shekara uku, da yanzu ƙannena na ciki.

Kuma a lura, SAS da ya sayar yana da wasu guraben da yawa da suka rage masa. Mai garke in ya sayar da sa biyu bai ji komai ba, amma mai saniya ɗaya da ake tatsa fa? Tun da Nigeria Airways ya rufe a 2003 muke ta faɗi tashi a kan layin Landan, wannan ya shiga ya fita wancan ya shiga ya fita.

Roƙona ga ma'aikatar sufurin jiragen sama da hukumar NCAA mai kula da harkar jiragen sama a Najeriya da 'yan majalisarmu, duk gurbin da wani kamfanin Najeriya ya mallaka a irin waɗannan filaye da ƙoƙarin gwamnati, a yi yarjejeniya da shi tun yanzu da ake zaman lafiya, cewa ko wuya ta yi wuya ba zai sallama wa baƙo ba sai ya fara tallata wa wani kamfanin gida, ko ya ba da haya na ɗan lokaci. Kada a bari sai ranar da masu bin bashi suka tsaya a ƙofa, don a ranar ba mai sauraron shawara. Kai kuma Malam Edita don Allah ka tura wakilinka na filin jirgin Nnamdi Azikiwe ya tambayo mana hukuma ko akwai irin wannan tanadi a ƙasa, mu ji daga bakinsu.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naka mai karatu kullum,
daga Kubwa, Abuja