Rahoton Ayyukan Shekarar 2024 ga 'Yan Ƙungiyar Mata Ma'aikata

Assalamu alaikum iyayenmu da 'yan uwa.

Kamar yadda muka saba, kafin babban taro ofishin sakatariya kan zayyana abin da aka yi da abin da ya gagara. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, ita za ta karanta shi da bakinta ranar taro, don haka ba zan shiga hurumin da ba nawa ba.

Maganar albashi ce ta fi cin lokacinmu bana. A ƙarshen watan Yuli Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan dokar da ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000, aka kuma rage wa'adin sake duba shi daga shekara 5 zuwa 3. Gwamnatin Kano ta sanar da nata 71,000. Tun daga ranar wayar ofis ba ta huta ba, kowa tambayarta ɗaya: ni ma za a ƙara mini? Amsar da muka riƙa bayarwa ba ta yi wa da yawa daɗi ba. Dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba ta kuma shafi mai aikin rabin rana ko wadda ake biya kamasho ba. To mafi yawanmu ina muke? Ƙananan makarantun kuɗi, shagunan magani, asibitocin unguwa, wuraren ɗinki. Garin kwaki ya tashi, kuɗin adaidaita ya tashi, albashi yana nan inda yake. Abin da muka iya shi ne zama da wasu masu makarantu, tare da rakiyar iyayen ƙungiya. Wasu sun ɗan motsa. Wasu sun ba mu ruwan sanyi da alƙawari.

Zaman da lauyoyinmu na sa kai ke yi ranar Asabar ya ci gaba. Ƙorafin da ya fi yawa shi ne na haihuwa. Wata 'yar uwa ta zo da jaririya a goye da takardar asibiti a cikin leda. Ta koma aiki bayan suna da arba'in, sai ta tarar an zaunar da wata a teburinta, aka ce mata "sai mun neme ki." Lauya ta tambaye ta takardar ɗaukar aiki, babu. Albashi a hannu ake ba ta, ko sa hannu ba ta yi. Abin da ya cece ta saƙonnin WhatsApp ne da mai wurin ya riƙa turo mata yana ba ta umarni, waɗanda Allah ya sa ba ta goge ba. Da su aka yi sulhu, aka biya ta haƙƙinta ba tare da an je kotu ba.

Saboda irin wannan ne muka buga taƙaitaccen bayani da Hausa muka raba. Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ya ba mace mako 6 kafin haihuwa da mako 6 bayanta, da aƙalla rabin albashi idan ta yi wata 6 a wurin, da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa. Sashe na 7 ya ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya wuce wata 3. Sai dai lauyoyi sun ja kunnenmu cewa dokar ta fi kare masu aikin ƙarfi da na akawu. Wadda ake ɗauka ƙwararriya ko shugabar sashe, takardar yarjejeniyarta ce madogararta a Kotun Ma'aikata. Ma'aikatan tarayya kuwa sun yi gaba, har maza an ba su hutun haihuwa na kwana 14 tun 2021, Kaduna kuma ta mayar da na mata wata 6.

Zaman da ya fi zafi shi ne wanda aka tattauna hukuncin Kotun Ɗaukaka Ƙara na watan Mayu, wanda ya soke ƙa'idar 'yan sanda ta sallamar 'yar sanda idan ta yi ciki ba aure. Wasu iyayenmu sun ce su kam ba za su tafa wa wannan ba. Lauya ta yi bayani cewa kotu ba ta halatta komai ba; abin da ta duba shi ne namijin ɗan sanda da ya yi wa wata ciki ba ya rasa kakinsa, alhali sashe na 42 na tsarin mulki ya hana bambanci saboda jinsi. Ba a tashi da baki ɗaya ba, na kuma rubuta hakan a littafin taro yadda ya faru.

A watan Nuwamba Mai Shari'a Aloma Mariam Mukhtar ta cika shekara 80, sai muka mayar da laccar shekara a kan rayuwarta, muka gayyato ɗalibai mata masu karatun lauya. Abin mamaki, wasunsu sunan kawai suka sani. Ita ce mace ta farko daga Arewa da ta zama lauya. Ta hau kujerar Babbar Kotun Kano a 1977, Kotun Ɗaukaka Ƙara a 1987, Kotun Ƙoli a 2005, kuma duk inda ta shiga a kotunan saman nan biyu, ba ta tarar da mace ba. A watan Yulin 2012 aka rantsar da ita Alƙalin Alƙalan Najeriya, ta sauka a Nuwambar 2014. Tana cikin alƙalai uku da suka saɓa wa sauran a shari'ar zaɓen 2007 tsakanin Buhari da 'Yar'adua. A zamanin shugabancinta ne, a 2014, Kotun Ƙoli ta rushe al'adar hana 'ya mace gadon mahaifinta a ƙasar Ibo, aka kuma samu Mai Shari'a Zainab Bulkachuwa a shugabancin Kotun Ɗaukaka Ƙara. Bayan saukarta sai da aka shekara kusan 10 kafin wata mace, Kudirat Kekere-Ekun, ta sake hawa kujerar a bana.

Mai laccar ba ta tsaya a yabo ba, ni kuma nan ne na fi ƙaruwa. Ta tuna mana cewa a 2012 Mama Aloma ta dakatar da rantsar da wata alƙaliya haifaffiyar Anambra mai auren mutumin Abiya, saboda ƙorafin cewa ba 'yar jihar da ta ba ta gurbi ba ce. Sai da Majalisar Dattawa ta sa baki, daga baya aka rantsar da ita. Ana iya cewa ƙa'ida ta bi, kuma an san ta da tsayawa kan ƙa'ida ko da za a ji haushi. Amma ƙa'idar ce ta bar matar aure a tsaka mai wuya: garin uba a ce kin yi aure kin tafi, garin miji a ce ba a nan aka binne cibiyarki ba. A watan Maris na 2022 Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudurin da zai gyara wannan. Hannuwa da yawa sun tashi a zauren, domin akwai 'yan uwanmu da aka hana aiki ko ƙarin girma a kan takardar shaidar ƙaramar hukuma.

Abin da bai yiwu ba shi ne ziyarar masu aikatau a gidaje. An tsara, an ɗage, har shekara ta ƙare, kuma su ne suka fi kowa rashin gata. Batun cin zarafi a wurin aiki ma bai samu kulawar da ta dace ba, duk da Najeriya ta amince da yarjejeniya mai lamba 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta hana irin wannan cin zarafi, tun 2022. Masu kawo irin wannan kuka sun fi son a ji su a ɗaki, mu kuwa ofishinmu ɗaki ɗaya ne da labule.

Kwamiti zai gabatar da abu uku a taro: neman ɗaki na biyu, tattara bayanan waɗanda takardar asali ta hana su aiki domin a kai wa 'yan majalisarmu, da samfurin takardar ɗaukar aiki mai shafi ɗaya da za a riƙa kai wa masu ƙananan wurare. Duk mai zuwa ta taho da kwafin tata takardar idan tana da ita. Masu bashin kuɗin wata kuma su ga ma'aji kafin a buɗe taro da addu'a.

Wassalam.

Sakatariya, a madadin kwamitin zartarwa