Gyara ga masu cewa "kaya in ya fita ba ya dawowa"

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi magana da 'yan'uwa masu sayar da kaya ta WhatsApp da Instagram a nan Gombe, musamman masu liƙa rubutun nan na "kaya in ya fita ba ya dawowa".

Wannan magana ba ta da madafa. A fiƙihu, wanda ya sayi abu ya tarar da aibin da ba a faɗa masa ba yana da zaɓin mayarwa, kuma dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda hukumar tarayya mai kare masu saye, wato FCCPC, ke kula da ita, ta ba shi wannan dama. Wanda ya shiga Babbar Kasuwa zai taɓa yadi, ya fita da shi rana ya duba. Mai saye ta waya kuwa hoto kawai ya gani, hoton ma wataƙila na dilan Kantin Kwari ne, an ɗauka a ƙarƙashin farar fitila. Shi ya sa shuɗi mai duhu kan iso hannun Hajiya ya koma kamar baƙi.

Kafin kuɗi su shiga asusu, a tura wa mai saye sharaɗi a rubuce, ya amsa da "na yarda". Sharaɗin ya raba abu biyu. In laifin mai kaya ne, wato an aika wani launi, ko lamba ba daidai ba, ko leshi ya zo da huda, to kuɗin mota na zuwa da dawowa a wuyansa suke, ba ja-in-ja. In kuwa mai saye ne ya sake shawara, ana iya yi masa musanya don mutunci, amma shi zai biya direba. Kwana 2 daga ranar karɓa sun isa a kawo ƙorafi a cikin gari, na Kaltungo ko Bajoga a ƙara musu kwana guda.

Awo shi ne babbar matsala. Lambar abaya, 54 ko 56, tsawo take nufi a inci, ba faɗi ba, amma mata da yawa ba su sani ba sai ta ƙi shiga a kafaɗa. A ɗora tef a kan rigar, a ɗauki hoton tsawo da ƙirji da hannu. Takalmi ma haka: 40 na wani kamfani 39 ne a wani, don haka a ce mai saye ya taka takarda, ya zana ƙafarsa, ya auna da santimita. Turmin atamfa yadi 6 ne. A warware a auna a gaban kyamara, domin gajeren turmi na yawo.

Bidiyo biyu ke kashe gardama: na mai kaya yana naɗewa, da na mai saye yana yanke ledar tun tana a liƙe. Ba tare da su ba, kowa sai rantsuwa, direba kuma ya ce shi ƙulli aka ba shi.

Akwai abin da ba ya komawa sai da aibi: yadin da tela ya sa wa almakashi, turaren da aka buɗe, kayan shafa, kayan ciki. Rigar da aka ci biki da ita ma hanci ke tona ta, ƙamshin humra ba ya ɓuya.

Wajen musanya, kada a saki sabon kaya sai tsohon ya shiga hannun direba, an turo lambar wayarsa da ta motar. Wajen mayar da kuɗi kuma, a tura su asusun da suka fito, da sunan da ya biya. Duk wanda ya ce a tura wa ƙaninsa a wani banki, a dakata, a buɗe manhajar banki a tabbatar kuɗin farko sun shiga da gaske, don alat na bogi ya yi yawa.

Na gode.

Wani mai karatu,
Tudun Wada, Gombe